Tayar da Ta Tare wa Inna Wuri

Shekarar da Inna ta zame a bakin rijiyar gidanmu ta karye a ƙugu, maɗori ya yi aikinsa, asibiti ma suka yi nasu, ƙashi ya kama. Amma daga nan ba ta ƙara iya daɗewa a zaune ba. Ko ta kwanta, ko a jera mata filo ta jingina. Matar da a da ba a suna ko biki ko gaisuwar mutuwa tsakanin Kazaure da Roni sai an gan ta a bayan ɗan acaɓa, ta danne mayafi da haƙori, ita ce ta koma kwance a tsakar gida tana bin kaji da ido.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ko ina zaune a gefen tabarmarta, sai ta juya wajen matata ta ce, "Ki gaya wa mijinki kaza." Haka muka saba.

A tsakiyar bazara wani mai sayen riɗi da ke zagaya ƙauyukan bakin iyaka ya kawo labari cewa ƙanwar Inna, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Ɓaɓura, idonta ya tafi. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Na kira ta a waya na haɗa su, suka gaisa, Inna ta miƙo mini wayar tun ba a gama ba.

"Ki gaya wa mijinki," ta ce, "wannan abin ba ya nuna wa mutum ko ɗan'uwansa ya rame. A kai ni."

Mota ina da ita. Tsohuwar jif ce da na saya a hannun wani abokin aiki lokacin da zai bar aikin malamin gona, ni kuma har yanzu ina cikin aikin. Ta sha hanyoyin burji har fentinta ya koma kalar ƙasa, amma injinta lafiya lau. Idan aka kwantar da kujerun baya, katifa za ta shiga, mutum ya miƙe sosai. Matsalar ɗaya ce. Asali safayar motar a ƙarƙashinta take rataye da sarƙa, sarƙar kuwa tsatsa ta cinye ta tun kafin ta zo hannuna, saboda haka tayar a cikin motar take kwance, daidai inda Inna za ta kwanta. Barin ta a gida kuma ba magana ba ce. Duk wanda ya san hanyar ƙauyukan nan, da ƙayar aduwa da kututturan da yashi ke rufewa, ba zai ɗauki tsohuwa mai ciwon ƙugu ya shiga babu safaya ba. Na yi tunanin ɗaure ta a kan rufi, sai na tuna babu abin ɗauri a can, ni kuma bayana ba zai iya sauko da ita ni kaɗai ba.

Sai na tafi wajen mai walda. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a Kazaure har 'ya'yansa ba sa jin wani yare sai Hausa. Ƙofofin gida da tagogi ya fi yi, amma ya taɓa gyara mini bamba, mun saba. Ya zagaya motar yana shafa ƙofar baya, wadda take buɗewa gefe kamar ta ɗaki.

"Malamin gona, wannan ai mai sauƙi ne," ya ce. "Mu kafa faranti a jikin ƙofa, mu fito da noti, taya ta zauna. Haka na ga wasu jif suke zuwa daga kamfani."

"Oga, ƙofar za ta ɗauka?"

"Me zai hana? Dubi kaurinta."

Ni ma na dubi kaurinta, na yarda. Ya huda ƙofar, ya sa farantin ƙarfe ciki da waje, ya ɗaure. Da muka ɗora tayar ta yi kyau ƙwarai, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Na koma gida na ce wa matata ta shaida wa Inna an gama. Kafin magariba Inna ta sa an ɗaure mata kaya: daddawa, kuka, man shanu a kwalba, da turmin atamfar da ta daɗe tana ajiya.

Washegari ina da aiki a wani ƙauyen Roni, na ce bari in gwada motar tukuna. A kan kwalta babu abin da na ji. Da na sauka burji, tsakanin duwatsun nan, sai wani ƙara ya fara daga baya, kaf-kaf-kaf, kamar ana buga ƙyaure. Na ƙara wa rediyo murya. Ƙaran ya ƙaru shi ma. Da na tsaya na buɗe ƙofar don in duba, sai ta sunkuya ƙasa, ta ƙi komawa mazauninta. Nauyin tayar ya ja ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai, ya kuma tsaga jikinta a gefen farantin. Da igiyar da wani manomi ya kwance daga wuyan jakinsa na ɗaure ta na dawo, ƙura na shigowa tana cika mini baki.

Mai walda ya daɗe yana kallon tsagar, hannu a ƙugu. Bai kawo wani uzuri ba.

"Ni da kai duk ƙofar ta ruɗe mu," ya ce. "Ta tsufa daga ciki. Sai dai mu raba ta da nauyin gaba ɗaya."

Muka tsuguna a inuwar rumfarsa yana zane a ƙasa da guntun ƙarfe. Za a yi hannu mai ƙarfi da zai tashi daga ƙashin motar, ta gefen bamba, ya ɗauki tayar shi kaɗai. In za a buɗe ƙofa, sai a fara tura hannun gefe. Abin da babu shi ne abin da hannun zai riƙa juyawa a kai. Ya ce ƙarfen ƙofar gida ba zai yi ba, sai an samu cibiyar taya mai boris, irin wadda ake sa wa amalanken shanu.

Daga nan zama ya gagare ni. Na zagaya garejin Kazaure, wanda na samu ya yi girma, wani kuma boris ɗinsa ya mutu. In na dawo gida, ƙunshin kayan Inna na nan a bakin ƙofarta. Wata rana in tarar ta sa an kwance shi an shanya daddawar, wata rana in tarar an sake ɗaurewa. Ba ta tambayata komai. Sai dai in na shigo ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda gajimare ya fara taruwa da yamma, ta ce da matata, "In ruwa ya sauka, hanyar garinsu sai jaki." Na san da ni take. Abinci ma a tsaye nake ci. In na zauna a ofis sai in ji kamar ana can ana sayar da abin da nake nema, in tashi in hau acaɓa.

A kasuwar Gwiwa na same shi, wajen wani mai gyaran amalanke da ke baje kayansa a bayan 'yan awaki. Wani Bafulatani da ke tsaye yana jiran a gyara masa tasa amalanken ya tambaye ni shanu nawa zan ɗaura. Na ce masa ba shanu ba ne, mahaifiyata zan kai ganin 'yar'uwarta. Ya dube ni, ya dubi ƙarfen, bai gane haɗin ba, amma ya ce Allah ya sa a je lafiya. Na rungumo abin a cinya a bayan babur har Kazaure, giris ya ɓata mini riga.

Na kawo ranar Asabar, na tarar babu wuta. Janaretan mai walda kuma ba ya jan injin yadda ake so a kan ƙarfe mai kauri. Lahadi yana coci. Na san haka sarai, amma sai da ƙafata ta kai ni bakin rumfar, na tsaya ina kallon motata a rufe da tsohon buhu, na juya. Litinin wuta ta zo ta koma tun kafin ya gama yanka. Na riƙa zarya tsakanin gida da rumfa har ya gaji da ni.

"Malamin gona, ka zauna mana. Tsayuwarka ba za ta kawo wuta ba."

"In na zauna ma tashi zan yi."

"To riƙe mini nan."

Haka na zama mai riƙe masa ƙarfe. Da wuta ta samu, ya kwanta a ƙarƙashin motar ya haɗa gindin abin da ƙashinta, ya ƙara da noti manya don kada a dogara da walda kaɗai. Ya tsayar da cibiyar a kai, ya fito da hannun daga bututun ƙarfe mai kauri, ya yi masa tokara. Ni ina riƙe, na kau da fuska, tartsatsi na zuba a kan takalmina. Muka ɗora tayar, muka ga ta rufe lamba, muka sauke, ya mai da lambar gefe. Muka sake ɗorawa, hannun ya gogi fitilar baya, ya sake yankewa ya ɗan karkata shi. A ɗaya ƙarshen ya sa sakata mai kauri, ya yanko guntun tsohuwar taya ya shimfiɗa inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe don kada ya yi ƙara. Ƙofar kuma ya ɗaga ta, ya ɗinke tsagar. Da ya gama sai ya kama hannun ya rataya da dukan nauyinsa, yana lilo, ƙafafunsa a sama. Mutum ne mai jiki. Abin bai motsa ba.

"Fenti fa?" ya ce.

"Bar shi sai na dawo."

Muka tashi da sassafe. Na tura hannun gefe, na buɗe ƙofa, muka shimfiɗa katifa, ni da matata muka tallabo Inna muka kwantar da ita, kanta wajen kujerar direba, fuskarta na kallon baya. Matata ta zauna a gefenta. Ban kai ga fita gari ba na ji muryarta.

"Ki tambayi mijinki, wannan baƙin abin da ya toshe taga fa? Ni da na ce zan ga hanya."

Gaskiyarta. Tayar ta rufe fiye da rabin gilashin baya. Ni ma in na dubi madubi ita nake gani. Babu wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu. Na tsaya, muka ƙara mata filo, muka karkata ta wajen tagar gefe. Daga nan ta samu abin yi. Duk garin da muka wuce sai ta faɗi wanda ta sani a ciki, da wanda ya mutu, da bikin da ta taɓa zuwa. Ni kuwa kunnena na baya, ina jiran kaf-kaf. Kowane rami na shiga sai in rage gudu in saurara. Bayan Ɓaɓura muka bar kwalta muka shiga yashi, muka tsaya wani garken shanu da ke komawa arewa ya gama ƙetarewa. Na fita na girgiza tayar, na taɓa sakatar. Komai na nan yadda aka bar shi. Duk da haka sai da na sake tsayawa a gaba na duba.

Ƙanwar Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da muka shiga. Ta ji muryoyi ta miƙe, ta taho tana lalube da ƙafa, ba ta yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya a tsakar gidan. Aka kwantar da Inna a tabarma. Ƙanwar ta durƙusa ta shafa fuskarta, ta shafa kafaɗunta, ta gangara har ƙugun.

"Yaya, ke ce kika rame," ta ce.

"Ke dai ba ki gani, shi ya sa."

Suka yi dariya, suka yi kuka, mu muka fita waje muka ba su wuri. Aka kawo fura muka sha. Da la'asar ta gabato na leƙa na ce wa matata ta shaida wa Inna lokaci ya yi. Inna ba ta bi ta wajen matata ba a wannan karon. Ta dubi bango kusa da inda nake tsaye ta ce, "Ku tafi. Ni sai kaka."

Na ce maganinta fa, da wanka, da mai ɗaga ta. Ƙanwar ta ce akwai surukai a gidan, ita ma kuma hannunta bai mutu ba. Maganin ashe yana cikin ƙunshin, Inna ta sa an zuba shi duka tun a gida. Matata ta sani, ba ta gaya mini ba.

Muka dawo da katifa babu kowa a kai. Gidan ya yi mini faɗi. In na shigo sai in nufi inda tabarmarta take kafin in tuna. Mako bai cika ba na ce zan kai mata sabulu da sukari, na kama hanya. Ruwa ya riga ya sauka, mutane sun bazu a gonaki suna shuka, motar ta yi ta wutsil-wutsil a laka amma ta kai.

Na same su a inuwar ɗaki suna ɓarar gyaɗar iri. Inna na jingine tana tsince marasa kyau, ƙanwar na ɓarewa. Musu suke yi a kan wata akuya da mahaifinsu ya sayar tun suna yara, kowacce na cewa tata ce. Na gaishe su, suka amsa, suka koma kan akuyar. Na ajiye kayan, na zauna a kan turmi, na tashi na zagaya gidan, na dawo na sake zama. Can ƙanwar ta juyo da fuskarta wajena.

"Ɗan nan, in ba ka da abin yi, jawo kwaryar can ka taya mu. Gobe za a shuka ta."

Na jawo kwaryar na zauna a ƙasa.