Gahawar da na saya wa Baba a jirgin ruwa

Baba ya ɗaga kofinsa, ya juya ga dattijon da ke gefenmu, wani mutumin Damagaram da suka haɗu a sallar la'asar. "Bismillah, Alhaji." Sai ya yafito ma'aikaci: "Kawo masa irin tawa."

Ma'aikacin ya ce mamnu'u ne, wato an hana, katin gahawar Baba na mai sunan ne kaɗai, baƙo sai ya biya tasa.

Tun kafin mu bar Madina zuwa Jidda mu hau jirgin yawon shaƙatawa na biya wa mahaifina gahawar tafiyar gaba ɗaya. A gidanmu na Ranuna butarsa ba ta hucewa, na zaci kyautar za ta burge shi.

Na ce, "Baba, bari in biya masa, ba komai ba ne."

Ya ajiye kofin. "Dakta, ai Alhaji ya riga ya ji. Gahawar da sai an duba sunan mutum kafin a zuba masa, sha abinka."

Har muka sauka bai sake taɓa ta ba.

Ga mai sha shi kaɗai, tsarin yana da rangwame. Ga irin Baba kuwa, da na sani da ban saya ba. Ko naku iyayen ma haka suke?