Kantu a ɗakin ɗanɗano

A wani ƙauye da ke gefen birnin Nashik a ƙasar Indiya, kowa ya san Mirinal Nikam da tsirfa. Ba ta cin barkono da safe, ba ta shan shayi mai kayan yaji, turaren wuta ma sai da yamma ake kunna shi a gidanta. Mutane na cewa iyayi ne, ita kuwa harshenta take kiwo, don shi ne jarinta. A gonar inabin wani mutum mai suna Pingale take aiki, tana ɗanɗana giya fara da ja, ta faɗi gangar da ta isa a zuba a kwalba.

Ranar da ta fi tsana a shekara ita ce ta bikin Sankaranti. Ran nan duk wanda ka haɗu da shi sai ya miƙo maka kantun riɗi da mazarƙwaila ya ce, "Ci zaƙi, ka faɗi mai daɗi." Wanda ya ƙi karɓa, to gaba yake riƙe da ita. Zaƙi kuma shi ne ajalin harshen mai ɗanɗano. Sai ga Pingale, da ba ya duba rana, ya sa zaɓen ganguna a ran nan.

Tun daga ƙofar gida ta fara karɓa tana cusawa a jaka, tana yaƙe, tana ƙunƙuni. Da ƙyar ta kai ɗakin ɗanɗano da bakinta salam. Ta jera kofuna, farare a hagu, jajaye a dama. Ta kurɓi farar farko, ta juya ta a baki, ta tofar a bokiti.

"Yaya Mirinal."

Ta waiwaya. Dattu ne, ƙanenta, da carbinsa na masu alwashin ƙin giya a wuya. Tun da ta kama aikin nan ya kira ta mashayiya a gaban dangi, ya ɗauke ƙafa. Ga shi yau tsaye a bakin ƙofa, kantu a tafin hannu.

Haushi ya turnuƙe ta. Duk ranakun Allah bai ga ta zuwa ba sai yau?

"Dattu, ba ka iya jira zuwa yamma?"

"Motar ƙauyenmu ba ta jira. In ba kya so, ki faɗa."

Pingale ya yi gyaran murya. "Mirinal, in kika ci wannan, farar nan tsamiya za ta koma miki, jar kuma ruwan bagaruwa."

"Na sani, ranka ya daɗe, ba yau na fara ba!"

Dattu dai bokitin yake kallo. "Wai tofarwa kike yi? Ba kya haɗiyewa?"

"Da haɗiyewa nake, da a kan ƙafafuna zan riƙa komawa gida? Kai dai ba ka taɓa tambaya ba, sai baki kamar reza!"

Ya sunkuyar da kai, amma bai janye hannun ba.

Ta dubi kofunanta, ta ja dogon tsaki. "Ranka ya daɗe, gangunan ba gudu za su yi ba, su kai gobe."

Ta fizgi kantun ta jefa a baki. Zaƙin ya mamaye harshen da ta wuni tana tattali, idonta ya ciko. Shi ne abu na farko da ta taɓa haɗiyewa a ɗakin nan.