Aksul ɗin da na sa baki a Dutsin-Ma

Mun tashi da asuba daga Rawayau, ni da ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa. Ruwan shuka ya sauka, mutane na fita gona, mu muna juya mata baya. A ƙasa muka taka har Kurfi. Ya san abin da ke cina: shanun huɗana biyu, da ubansa ya bar mani, an kai su kasuwa saboda wata tsohuwar mota da ya harhaɗa a Dutsin-Ma, tana zaune bisa duwatsu ba ƙafafun baya. Ya ce in ta tashi za ta shiga ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, kafin kaka ya maido mani shanu. Na ce to, da idona za a sayi abin da za a saya.

A Kurfi muka hau motar kasuwa, ni bisa buhun gero, akuyar wani tana huci a kunnena. Hanya duk rami, direba kuwa gudu yake kamar gidansu ne ke ci da wuta. Da hantsi muka hango duwatsun garin. Na sayi furar kwabo biyu a tasha, ruwa ya fi gero yawa. Na faɗa wa mai ita, ba ta ji daɗi ba. Gidan ƙanwar mijina na sauka.

Makaniken da ke haɗa motar dattijo ne, tsohon soja. Ya kai mu gindin tsamiya ya nuna mana aksul biyu, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, kowane da tukunyar haƙora a tsakiya. Ɗaya na motar fatake ne, mara nauyi, mai gudu. Ɗaya na motar soja, baƙi, mummuna, sai mutum shida ke ɗaga shi.

"Iya," in ji shi, "wannan mara nauyin, in ƙafa ɗaya ta faɗa taɓo, ƙarfin duka wurinta yake tafiya, ta yi ta juyi a banza, 'yar'uwarta na zaune. Na sojan yana da sanda. In an ja, ƙafafun su haɗu kamar shanu a karkiya. In an fita taɓo, a saki."

Wannan magana ta shige ni. Na ce na sojan za a sa.

Ɗana ya ce, "Inna, nauyi gare shi, ba ya gudu. Jaki zai wuce ni, direbobi su yi mani waƙa."

"Su yi maka har da kalangu."

Kwana biyu muna haka. Ɗana ya kawo mani tsire, na ba yaran gida. Ya gaishe ni, na amsa da ka. Rana ta uku wani mai walda da ke gefe ya ce abin ai mai sauƙi ne: a ɗauki mara nauyin, a narke haƙoran tukunyar su manne, ƙafafun su haɗu har abada. Ɗa ya sami gudu, uwa ta sami karkiya. Na ga dattijon ya goge hannu ya koma inuwa, ya ce shi ba ruwansa. Na gan shi sarai. Amma ni nasara nake nema a kan ɗana, sai na ce a yi.

Ranar Laraba muka kamo hanyar gida, da lodin gishiri da kananzir da mata huɗu 'yan Ɗantutture. A wani rafi muka tarar da mota ta kafe, maza sun tuɓe riguna suna turawa. Tamu ta shiga taɓon ta fita kamar ba ta gan shi ba. Matan suka yi guɗa. Ɗana ya dube ni, ni ma saura kaɗan in yi murmushi.

Da muka hau tsandauri sai tayoyi suka fara kuka a kowace kwana, motar tana turjewa. Dab da Kurfi, a wata kwana mai kaifi, muka ji ƙas! Ta tsaya. Injin na ruri, ƙafa ba ta motsi. Ɗana ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito da mai a fuska, ya ce ƙarfen ciki ya karye biyu, tukunyar ma ta tsage.

A nan bakin hanya abin ya faɗo mani. Shekara nawa ina kallon huɗa? In shanu sun kai ƙarshen kunya za su juya, na ciki gajarta taki yake, na waje ya zagaya. Wanda ya tilasta masu taki ɗaya, ko karkiya ta karye ko wuya. Abin da dattijon ke nufi ke nan da ya ce a saki. Rabin maganarsa na ɗauka, rabin da ya yi mani daɗi.

Matan suka ɗauki kayansu a ka, ba wadda ta dube ni. Aka tura motar ƙofar wani malami, ya ce zai sa ido. Muka taka a ƙasa. Kafin la'asar muna ratsa gonakin maƙwabta, kowace an yi mata huɗa, tawa ce kawai kwance, ciyawa ta fara leƙowa.

A zauren gida na tsaida ɗana. Na ce, "Ni na sa."

"Inna, Allah ne ya kawo."

"Allah ne, amma da bakina ya zo."

Tun da na haife shi ban taɓa faɗa mashi irin wannan ba. Abin da tafiyar ta koya mani ke nan, kuma da tsada: na iya sa ido a kan kowa, kasuwa da tasha da ɗan da na haifa, ban sa a kan kaina ba.

Gobe zai fita da garmar hannu, ni ina baya da ƙwaryar iri. Inda ƙarfinmu ya tsaya, nan gonar bana ta tsaya.