Na Ji Babur Ɗin Baba Ya Yi Shiru, Ban Tsaya Ba

Edita, assalamu alaikum, da kai da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana. Waɗanda abin ya faru a gabansu za su gane ni ko ban faɗa ba, sauran kuwa labarin ya ishe su.

A shekarun farko da sojoji suka koma bariki, ni tela ne a Agege, da ɗan shagona a ƙofar gidan da muke haya, kusa da layin dogo. Mutum ne ni mai son zaman gida. Daga shago sai masallaci, daga masallaci sai wajen iyali, in ka ga na je Oshodi to zare ne ya ƙare. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma Allah Ya ba ni baki, Ya ba ni kunne. Tashar 'yan okada tana daura da shagona, kuma duk 'yan'uwanmu ne 'yan Arewa. In rana ta yi zafi a bencina suke zama, ni ina taka keke ina zuba, su suna dariya. Har gwada ni suke yi: kaina a sunkuye ina ɗinki, babur ya karyo kwana, in faɗi mai shi tun bai bayyana ba. Wanda ya fi sauƙin ganewa shi ne na wani dattijo da duk tashar ke kira Baba. Tsohon babur ne mai fasasshiyar salansa, yana tafe yana tari kamar mai shi, tun daga layin dogo nake cewa ga Baba nan tafe.

Ana haka sai yayana ya tashi komawa gida, ya bar mini babur ɗinsa, ya ce in sayar ko in riƙe. Ranar da aka jingine shi a ƙofar shago samarin tasha suka yi mini caa, wai me tela zai yi da babur, ko zan ɗora masa allura ne. Da na yi dariya na ce su koya mini, da yau ba na rubuta wannan. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce musu ai kafin in zo Ikko shekara uku na yi ina acaɓa a garinmu. Da yake na daɗe ina sauraron hirarsu, duk maganar kuloci da totur da fulogi tana bakina, na yi ta zuba har suka yarda. Daga nan na koma koyo a ɓoye. Da yamma sai in tura babur can wani filin ƙwallo da ba a san ni ba, in yi ta zagaye ina faɗuwa. Na iya tafiya miƙe, na iya canza giya, amma juyowa a kan titi da taka birki da sauri sun gagare ni. Sai kuma na ƙara da wata wautar. Na ga riƙaƙƙun 'yan okadan Ikko suna kwance madubin babur don su riƙa kurɗawa tsakanin motocin haya na danfo in an yi gosulo, ni ma na sa sifana na kwance nawa duka biyun, na jefa a ƙarƙashin teburin yanka. Ni da ban taɓa shiga gosulo ba.

'Yan tashar nan suna da wata al'ada mai kyau. In an yi wa ɗayansu haihuwa ko rasuwa, sai su ajiye aiki su tafi a jere, babur bayan babur. Na bi su sau biyu, sau ɗaya Abule Egba, sau ɗaya Mile 12, duk tafiya ce ta kusa kuma a hankali, Allah Ya rufa mini asiri. Sai ga shi a tsakiyar damina, lokacin nan da Ikko ke yin kwana da kwanaki ba a ga rana ba, mahaifin wani ɗan tasha ya rasu a unguwar Sabo ta Abekuta. Aka ce gobe bayan Asuba za a tafi ta'aziyya. Maiɗakina ta san komai, don ita ke gasa mini gwiwa in na dawo daga filin ƙwallo. Ta ce in hau mota mana, ai ta'aziyya ba ta ce sai da babur ba. Na ce mata ta bar maganar maza.

Kafin mu tashi ciyaman ɗin tasha ya maimaita dokar tafiya, ko da yake kowa ya san ta. Ya ce in ka ga rami ka sauke ƙafa ta wajen da yake, don na bayanka ya kauce, shi ma ya nuna wa nasa na bayan. In kuma na bayanka ya tsaya ko ya ɓace maka, ka danna ham sau uku ka tsaya, na gabanka ya danna, har ya kai ga na farko. Ya ce kowa na bayansa amanarsa ne. Mu goma sha wani abu ne. Da ake jera mu sai Baba ya ce a sa tela a gabansa, shi zai rufe baya. Na ɗauka girmamawa ce, har na ji daɗi.

Muna wuce Abule Egba yayyafi ya dawo. Jama'a, wanda bai taɓa hawa babur cikin ruwan safiya ba bai san sanyi ba. A zaune a shago iska ce mai daɗi, a kan babur kuwa kamar ana tsaga ka da reza. Su sun san kan abin: wani ya sa leda a ƙarƙashin riga, wani ya cusa takardar siminti a ƙirji, wasu sun zura safar ƙafa a hannu. Ni kuwa kaftani na sa, sabon ɗinkina, saboda tun a tasha na cika baki cewa mu da muka yi acaɓa cikin sanyin Arewa me Ikko za ta nuna mana. Kafin mu kai Sango haƙorana suna haɗuwa, yatsuna sun ƙage a kan babur. Da muka tsaya shan mai Baba ya zagayo ya dube ni, ya tuɓe renkot ɗinsa ya ɗora mini. Na soma cewa a'a, ya ce in rufa masa baki, shi fatarsa ta riga ta zama ƙirgi. Ya koma kan babur ɗinsa daga shi sai wata tsohuwar suwaita.

Bayan mun wuce Ifo ruwan ya kece sosai. Hanya duk ta zama ɗaya, ba ka bambance kwalta da rami, tireloli suna wucewa suna watsa mana ruwa. Can na ga na gabana ya sauke ƙafar dama. Na kauce da ƙyar, babur yana rawa a ƙarƙashina. Ya kamata ni ma in sauke tawa ƙafar. Ban sauke ba, don ji nake in na ɗaga ko yatsa ɗaya zan kife. Sai na ji wani ƙum a bayana, sannan ƙarar ƙarfe yana gogar kwalta. Tarin nan na babur ɗin Baba, wanda ke bina tun daga Agege, ya ɗauke.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa sanyi ne ya kashe mini yatsa. Ba haka ba ne. Ham ɗin yana nan a ƙarƙashin babban yatsana. Abin da ya zo mini shi ne, in na danna dole in taka birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, dole in juyo da babur a tsakiyar tireloli, kuma duk tasha za ta ga ban iya ba. Madubi babu balle in duba, waiwaye kuma ba zan iya ba. Sai na ce a raina wataƙila ya rage gudu ne, wataƙila ruwa ne ya toshe mini kunne. Ni da nake gane shi tun daga layin dogo. Haka na bi na gabana har Abekuta, ina sanye da rigar ruwan mutumin.

Da muka sauka ciyaman ya ƙirga mu, ya juyo gare ni ya ce ina Baba. A nan ne na yi wadda ta fi ta farko muni. Na ce yanzun nan a bakin gari na ga ya ratse, da alama kama ruwa zai yi. Saboda wannan maganar aka shiga aka yi ta'aziyya, aka yi addu'a, aka kawo koko da ƙosai. Na karɓi kofi ina ɗumama hannu. Da shiru ya yi yawa aka tura mutum biyu, su kuma suka yi ta zagaye a bakin gari inda na ce, suka dawo. Lokacin wayar hannu ba ta zo hannun irinmu ba. Sai da hantsi ya wuce sannan na ce, cikin ƙaramar murya, ko a duba wajen Ifo. Ciyaman ya dube ni, wani irin kallo, ya tura mutane can.

A rumfar wata Bayarabiya mai gasa masara aka samu Baba. Ta ce da ta fito kafa murhu ta hangi taya a cikin ciyawa, ta leƙa ta ga mutum kwance a kwatami, ruwa na gudu ta kansa har ƙirji. Ita da mijinta suka jawo shi, ta lulluɓe shi da zanenta a gefen wuta. Ƙafarsa ta karye a wuri biyu. Karayar ma da sauƙi, mai ɗori ya yi aikinsa. Sanyin da ya shige shi a kwatamin nan shi ya kwantar da shi a asibiti, yana numfashi kamar ana jan zarto, har aka aika gida a sanar da iyalinsa. A kwanakin nan ban taka keke ba. Ina zaune a shago, duk babur ɗin da ya karyo kwana sai gabana ya faɗi.

Allah Ya tashi kafaɗunsa. Da aka dawo da shi ɗakinsa na yi kwana uku ina zuwa ƙofa ina komawa, sai maiɗakina ta ninke renkot ɗin ta miƙa mini, ta ce in kai wa mai shi. Na same shi shi kaɗai, ƙafa a miƙe cikin karare. Na durƙusa na soma kame-kame, cewa ruwa ya yi yawa, ban gani ba, ga babu madubi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce tun ranar da ya ga na tayar da babur yana cikin giya ya san ban taɓa acaɓa ba, shi ya sa ya ce a sa ni a gabansa, don in na faɗi ya zama akwai mai tsince ni.

Ya ce, "Ban ce ka gani ba, tela. Amma ka ji. Kai da kake sanin zuwana tun daga layin dogo."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Amma ya ce yafiyarsa ba za ta tsare wanda za a sa a bayana gobe ba, don haka in je in faɗa wa tasha da bakina. Washegari na tsaya a gaban bencin nan da na saba ba su dariya, na faɗi komai, tun daga filin ƙwallo har kofin koko. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Ciyaman ya ce in ɗauko madubin in mayar. Na laluba ƙarƙashin tebur cikin ƙyallaye na fito da su, na ɗaura suna kallo. Aka daɗe bencin nan ba mai zama.

Baba bai sake hawa babur ba. Ƙafar ta warke a gajarce, da damina ta wuce ya koma garinsu. Renkot ɗin ya ƙi karɓa, ya ce ni na fi shi buƙata.

Abin da na gane shi ne rashin iyawa ba abin kunya ba ne, kowane gwani da ranar da ya fara. Da na buɗe baki a Sango na ce ban iya ba, da ɗayansu ya goya ni, a yi mini dariyar kwana biyu a manta. Kunyar minti ɗaya na guje wa, wani ya biya da ƙafarsa da sana'arsa. Don haka ina kira ga duk wanda zai shiga tafiyar jama'a, a kan babur ne ko a wani aikin, ya faɗi iyakar iyawarsa tun ba a tashi ba, don mutane za su dogara da abin da ya faɗa. Kada ka kwaikwayi gwani a kwance madubi tun ba ka iya abin da ya iya ba. In sanyi ya ci ka, ka ce ya ci ka. In kuma ka ji na bayanka ya yi shiru, ka tsaya, ko da faɗuwa za ka yi a gaban kowa.

Har yau ina ɗinki a Agege, har yau ina gane babura da kunne, sai dai na daina faɗa. Allah Ya yafe mana abin da muka ji muka yi kamar ba mu ji ba.