Tsakuwar Gindin Tukunya

Duk wanda ya san Yaya ya san ba ta iya wuce tsakuwa. Za a fita unguwa da ita, kowa ya ci ado, sai a waiwaya a gan ta duƙe a bakin inda ake gini tana tsince-tsince tana zubawa a jaka. Ƙannenta sun yi magana har sun gaji. Auta, wanda take zaune a gidansa, yakan ce in aka ɗora Yaya da jakarta a sikeli, jakar ce za ta rinjaya. Ita kuwa ko a jikinta. Tsakuwa ba ɗaya ba ce, in ji ta: akwai mai santsi ta bakin rafi, akwai mai kaifi ta masu fasa dutse, akwai kuma ta ƙarya, wadda da ta ji ruwa sai ta narke ta zama laka ta toshe hanya, kamar wasu dangi.

Ba da sha'awar shuke-shuke aka haife ta ba. Tana budurwa iyayensu suka rasu kusa da kusa, suka bar mata ƙanne reras da ɗakin haya. Dangi suka zo, suka yi kuka, suka ce ta yi haƙuri, suka tafi. Ta sami aikin shara da goge-goge a wani kamfanin inshora mai dogon bene, da shi ta ciyar da yaran ta kai su makaranta. Aure sau ɗaya ta yi. Mijin ya ce ita ya aura, ba makarantar kwana ba, ita kuma ta ce ba za ta watsar da 'ya'yan uwarta ba. Kafin a gama saba wa juna aka rabu, ba ta kuma sake waiwayar zancen ba.

A kamfanin nan ne ta haɗu da Baba Mai Lambu, wani tsoho mai faɗan tsiya da ke kula da tukwanen shuka na ofisoshi. A bayan ɗakin janareta yake aikinsa, ita kuma nan take wanke tsummokaranta. Tun yana korarta har ya fara sa ta riƙe masa tukunya. Wurinsa ta koyi yadda ake shirya gindi. Da farko a juya tukunyar a duba hudar ƙasa, a zura yatsa a tabbatar a buɗe take. Sai a sami tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya ko faranti, a kifa shi a kan hudar yadda ƙasa ba za ta toshe ta ba, ruwa kuma zai bi ta gefe ya fita. A bi da tsakuwa wankakkiya, ba da yawa ba, a watsa gutsattsarin gawayi saboda wari, a zuba yashi mai kaushi, sannan ƙasa da taki. In ta cika tsakuwa sai ya buge mata hannu.

"Huda ce mai gida," yake ce mata, "tsakuwa 'yar aikinta ce. Ranar da kika manta wannan, kin kashe shuka."

Da tsohon ya rasu, aikin ya faɗo kanta, ba tare da kowa ya ce mata ga ƙarin komai ba. Ta riƙe shi shekara da shekaru. Ma'aikata suna wucewa suna ganinta tsugune da rariya da bokiti tana wankin tsakuwa kamar mai wankin shinkafa, har suka sa mata Mai Tsakuwa. In baƙo ya yaba koren ganyen da ke bakin lifta, sai su ce ai sirrin yana cikin tsakuwar matar nan. Babu wanda ya taɓa yabon huda. Wa zai yabi wurin da babu komai? Yabo kuwa yana da daɗin sha, har ita ma a hankali ta fara jin cewa aikin duk na tsakuwarta ne.

Sai aka kawo sabon shugaba mai son tsimi. Ya ba wani kamfani kwangilar shara, ya sa aka kwashe tukwane aka jera furannin roba, waɗanda ba sa shan ruwa, ba sa zubar da ganye, ba sa buƙatar albashin kowa. Aka tara ma'aikata aka tafa wa Yaya, aka ba ta agogon bango, don ta riƙa ganin lokacin da ba ta da inda za ta je. Abu ɗaya ta roƙa, wata babbar shuka mai faffaɗan ganye mai sheƙi da ke tsaye a ƙofar ofishin shugaba. Ba ta san sunanta na littafi ba. Manaja take kiranta, don ba ta aikin komai sai sha da ƙyalli. Ita ta raine ta tun tana ɗan reshe a gwangwani, kuma tsingaron da ke kife a gindinta ɓallin farantin tangaran ɗin mahaifiyarsu ne, mai zanen shuɗi a baki, abin da ya rage mata daga kayan ɗakin tsohuwa.

Auta ne ya zo da mota ya ɗauke ta ita da Manaja. Yaron kirki ne, ba za a ci amanarsa ba. Ya zama babban ma'aikaci, yana haya a hawa na sama na wani gida mai tayil fari tas, ya ba ta ɗan ɗakin da ke jikin kicin. Matarsa, wadda Yaya ke kira Amarya har bayan ta haihu ta sake haihuwa, ta tarbe ta da fara'a. Kullum sai an ce mata gidan nata ne, ta saki jiki. Yaya ba yarinya ba ce. Ta san ba a taɓa ce wa mai gida gidan naka ne.

Baranda ta zama tata. Ta ajiye Manaja a kusurwa, kafin a ankara ta tara masa 'yan rakiya a gwangwanaye da tsofaffin robobin fenti, kowanne da hudarsa da tsingaronsa. Da safe in yara sun tafi makaranta, Auta da Amarya sun tafi aiki, gidan ya yi tsit, nan take zama da kofinta. Tana ba su ruwa tana saurare har ta ji ɗigon farko ya fita ta ƙasa, sannan hankalinta ya kwanta. A duk gidan, su kaɗai ne za su shiga wani hali in ta kwana biyu ba ta tashi ba.

To, ruwan da ya fita ta huda ba sama yake tafiya ba. Yana bin bakin baranda ya sauka ƙasa, inda maƙwabciyarsu ke shanya. Ruwa ne da ya ratsa taki, launinsa kamar shayi. Ranar da ya ɗiga a kan fararen zannuwan gadonta, matar ta hawo bene da zanin a hannu, ta shimfiɗa shi a tsakiyar falo kamar mai kawo shaida kotu. Abin takaici, ƙanwar mai gidan hayar ce. Yaya ta ba da haƙuri, ta wanke zanin da hannunta, ta sa faranti a ƙarƙashin kowace tukunya. Farantai suka cika suka tumbatsa, abin da ya kwanta a ciki kuma ya fara tara sauro, Amarya ta nuna mata cizon da ke ƙafar ƙaramin yaronta. Aka gwada shigo da su falo, suka zana zobe ruwan ƙasa a kan farin tayil. Mai gidan haya ya kira Auta ya ce in aka sake ɗigar da ruwa, ya nemi wani gidan.

Wata rana da yamma Yaya tana yanka albasa a kicin ta ji Amarya a waya da ɗaya daga cikin ƙannen, wadda ke aure a wani gari mai nisa. Murya ƙasa-ƙasa take cewa ai can akwai tsakar gida, shuke-shuken Yaya za su fi sakewa, ita ma Yayar za ta fi samun iska. Ba da mugunta ta faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Yaya ta gane lissafin: inda tukwane suka nufa, can mai tukwane za ta bi. Ta san gidan can, ta san mijin ƙanwar tata da yadda yake ƙirga loma da ido. Ta ji tsoro ƙwarai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka sallame ta.

Washegari ta rabar da ƙananan duka, wasu ga mai gadi, wasu ga mai shagon bakin titi. Manaja kaɗai ta bari. Ta roƙi ɗan siminti a leda wurin magina, ta jira gida ya watse, ta shimfiɗa buhu ta zare shukar daga tukunya. Saiwoyin farare ne sol, masu ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan sama. Ta kwaɓa simintin ta liƙe hudar, ta danna ɓallin farantin mahaifiyarsu a kai kamar yadda yake a da. Maganar Baba Mai Lambu ta faɗo mata, ba wai ta manta ba ne. Amma ta ce a ranta shi tsoho bai san irin tsakuwar da ta tara ba. Ta juye mafi kyawunta, ta bakin rafi, har kusan rabin tukunya, ta ninka gawayi, ta mayar da shukar, ta ce ruwa zai sauka ya kwanta can ƙasa, saiwa tana sama abinta. Wanda ya yi shekaru ana kiransa Mai Tsakuwa, ai ba a koya masa tsakuwa.

Ɗigo ya tsaya. Maƙwabciya ta koma amsa gaisuwa. Zancen tsakar gida ya mutu, Amarya har yabawa ta yi da yadda baranda ta yi fili. Manaja ma da farko ya yi kamar bai san an yi ba. Yaya ta rage masa ruwa, tana ba shi kaɗan-kaɗan kamar magani, sai dai hannun da ya saba ba ya jin magana, kuma yanzu babu ɗigon da zai ce mata ya isa. Ganyen ƙasa ya fara rawaya ya faɗi. Na sama suka yi laushi suka sunkuya, ita kuma da ta ga sun sunkuya sai ta ɗauka ƙishi ne, ta ƙara. Ƙananan ƙudaje suka fara shawagi a bakin tukunya. Babbar 'yar Auta ta toshe hanci ta ce Gwaggo, barandarki tana warin kwata. Ruwa dai ba ya tsami banza, Yaya ta sani, amma ta ƙi dubawa, don ta san abin da za ta gani.

Ranar da ta duba, ko ja ba ta yi da ƙarfi ba, shukar ta taho a hannunta. Saiwoyin sun zama baƙaƙe, suna saluɓewa a yatsa. Ta karkata tukunyar, baƙin ruwa mai ɗoyi ya bulbulo ta cikin tsakuwar nan tata mai kyau, ta yi maza ta tare da bokiti kada ya gangara wa maƙwabciya. Ko a wannan halin, shanyar wata ta fara tunawa. Da ta kwashe tsakuwar ta ga ɓallin farantin a ƙasa, zanen shuɗin yana nan, amma ya kama cikin siminti ram. Ta sa wuƙa ta ɓanɓara, bakin wuƙar ya lanƙwashe. Ta zauna a kan buhun ta yi kuka, ba ta kuma da wanda za ta ɗora wa laifi. Da hannunta ta kwaɓa simintin.

Auta ya ga idonta da ya dawo, ya ga tukunya wayam. Na ce muku yaron kirki ne. Bai kwana biyu ba sai ga shi ya hawo bene rungume da wani abu dogo a leda, yana haki yana murmushi. Ya kware ledar a falo. Shuka ce mai faffaɗan ganye mai sheƙi, tsayinta ɗaya da Manaja, ta roba.

"Yaya, ga madadin shukarki," ya ce. "Wannan ba ruwanta da ruwa, ba ruwanta da rana. Ba ta buƙatar kowa. Kin huta."

Ta daɗe tana kallonsa, wannan yaron da ta goya a bayanta zuwa asibiti, ta ga har zuciyarsa yake murna. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta."

Shukar roba ba ta da nauyi, iska kaɗan sai ta kife. Amarya ta kawo shawara a dasa ta cikin tukunyar Manaja, tunda yanzu ba ta yoyo, a cika da tsakuwar Yaya don ta tsaya. Haka aka yi. Yaya ta wanke tsakuwar da rariya har warin ya fita, ta zuba ta har baki. Aka ajiye tukunyar a falo kusa da talabijin, a kan farin tayil. Tsakuwar da ta yi rayuwarta a gindi ba mai ganinta, yau ga ta a sama tana ƙyalli.

Baƙi in sun zo sukan tsaya a kanta. Su ce kai, wannan shuka ta yi kyau, ga duwatsu masu tsari, wa ke kula da ita haka? Auta ya nuna ta da alfahari ya ce ai Yaya ce, hannunta akwai albarka. Ita kuma ta ce ta gode.

Zancen komawa wani gari bai sake tasowa ba, ɗakin jikin kicin ya zama nata. Tana bin hanya yanzu jakarta ba nauyi, ta wuce tulin tsakuwa ba ta ko sunkuya ba, ƙannenta har suna cewa Yaya ta waye. Sai dai da safe, in gida ya watse, wani lokaci takan tsinci kanta tsaye a falo da kofi cike a hannu. Ta ɗan tsaya, sannan ta koma kicin ta juye ruwan a wurin wanke-wanke, ta ɗauko tsumma ta zo ta goge wa ganyen ƙura.