Tsohuwar da ba ta sauka ba

A kwalejin ba mai kiran sa da sunansa na gaskiya. Ina-Hujja ake ce masa, daga ɗalibai har masu shara, don ba takardar da za ta bi ta hannunsa ta fito ba tare da waɗannan kalmomi biyu a gefenta da jan biro ba. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ma fi son sunan a kan nasa.

Darasin rubutu yake koyarwa na 'yan shekarar farko, darasin da ba malamin da ke rububinsa. Tsarin bai taɓa canzawa ba tun kansa na da baƙin gashi: a ba yara gajeren labari su karanta, su tsefe shi, kowa ya fitar da ra'ayi guda, sannan a kora su laburare su nemo abin da masana suka ce, su dawo su rubuta maƙala mai kai da ƙafa. Waɗanda suka fara aiki tare sun zama shugabannin sashe, wasu sun tsallaka manyan makarantu. Shi yana nan a ofishinsa na ƙarshen baranda, ƙarƙashin wata fanka da ta fi ba da ƙara a kan iska. A ba shi haƙƙinsa, bai taɓa makara aji ba, bai kuma taɓa ba da maki a kan takardar da bai karanta ba. Amma yabo kam sai ka nema a wani wuri. Ranar da ya rubuta wa ɗalibi "ba laifi", har hoton shafin ake ɗauka a tura wa 'yan uwa.

A gida ma haka yake. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe da daina nuna masa saƙon da za ta tura a waya. Manyan 'ya'yansa duk sun tsere wa adabi, ɗaya ya bi lissafi, ɗaya ya bi kasuwanci. Saura Auta, wadda a kanta ya ɗora burinsa tun tana rarrafe. Ya sha ajiye mata littattafai a gefen gado, ita kuma ta sha tokare taga da su. Da ta gama sakandare ta sami shiga kwalejinsu, sai ya ce a ransa, yanzu dai za ta san wane ne ubanta. Ya manta da dokar sashen, wadda da hannunsa aka rubuta ta, cewa malami ba ya koyar da ɗansa. Aka jefa Auta ajin Mai Keke.

Mai Keke matashin malami ne, tsohon ɗalibin Ina-Hujja ne ma, kuma ofis ɗaya suke, tebur na kallon tebur. A keke yake zuwa, da hular kwano, ƙafar wando cuse cikin safa. Ba ya riƙe biro in ɗalibi ya kawo masa aiki. Sai ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Me ya sa ka ce haka?" ya yi shiru yana jira, ko da shirun zai kai su la'asar. A wurin Ina-Hujja wannan lalaci ne da aka yi wa kwalliya. Yaron dai yana da ladabi, kullum sai ya gaishe shi a tsaye, kuma wannan ma haushi yake ba shi, don ya hana shi abin kamawa.

Ba a yi nisa da zango ba aka fara jin wata sabuwar kalma daga bakin Auta a wurin cin abinci a gida.

"Malaminmu ya ce ba kullum mai ba da labari ke faɗin gaskiya ba."

"Malaminmu ya ce kada ka ɗauko maganar masani sai ka san abin da za ka ce mata."

Ina-Hujja ya ajiye cokali. "Wannan ai ni na faɗa masa, yana zaune a bencin baya yana gyangyaɗi."

"To, Baba, ni ba ka taɓa faɗa min ba."

Ya faɗa mata, ya fi a ƙirga, tana danna waya. Yarinyar da ba ta iya gama shafi ga ta nan tana cin abinci da littafi a cinya. Abin da ya yi shekaru yana roƙo ne ya samu, amma ta hannun wani, kuma wallahi da ciwo.

Wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar ofis, sai ga Auta da fayil a rungume. Ina-Hujja ya ji wani sanyi a ransa. Ya kwashe tarin takardun da ke kan kujerar baƙi, har yana kaɗe mata ƙura da hankici.

"Ina kwana, Baba," in ji ta, ta ɗan rusuna. "Wurin Malam na zo."

Ta ja kujerar da ya share ta kai gaban teburin Mai Keke. Shi kuma ya sunkuya a kan takardar wani bawan Allah, yana ja mata layi ba tare da ya ga abin da ke ciki ba, kunnuwansa duka biyu suna can.

Labarin da 'yan ajin ke nazari a wannan zango ya san shi kamar tafin hannunsa. Wani direban bas ne a ranarsa ta ƙarshe a bakin aiki, ya kai tashar ƙarshe ya ƙi tsayawa, ya wuce da motar, kuma kwandastansa ne ke ba da labarin. Ina-Hujja ya daɗe da yanke hukunci a kansa: tsoron ritaya ne, mutumin bai san inda zai sa kansa ba in ya sauka. Masana ma haka suka ce. Amma sai ya ji Auta tana cewa akwai abin da ke damun ta a labarin, ta kasa gane ko mene ne.

"A wane shafi ya fara damun ki?" in ji Mai Keke.

Fanka na ta ƙara. Ina-Hujja ya ji amsar tana masa ƙaiƙayi a harshe, ya yi gyaran murya har sau biyu, ba wanda ya waiwayo. Can Auta ta ce, "Bari na koma na sake karantawa," ta tashi fuskarta a sake kamar an ba ta kyauta. A bakin ƙofa ta tuna da shi ta ce, "Sai anjima, Baba."

Da ya koma gida ya zazzage wa matarsa. Yaron nan ba ya koyar da komai, tambaya kawai yake yi ya bar yara a daji. Za a wayi gari Auta ta zo rubuta bincike ba ta san yadda ake jera manazarta ba.

Tana ninke kayan aikinta ta ce, "Malam, kishi kake."

"Ni? Da yaron da na koya wa inda ake sa waƙafi?"

"Da shi fa. Ka ga fuskarka kuwa in ta ce malaminmu? Kamar an ba ka maganin zazzaɓi ba ruwa."

Ya yi tsaki ya fita. Amma gaskiya ta faɗa, kishi ne tsagwaronsa, kuma ya sani. Ba kujerar shugaban sashe yake so ba, ba ya son keken kowa. Abu ɗaya yake so: 'yarsa ta kawo masa rubutunta, ta zauna gabansa, maganarsa ta fi ta kowa nauyi a wurinta.

Ya gwada ta kowace hanya. Ya ajiye mata littafin nazari a kan firji, ya dawo ya same shi an ɗora masa kofi. Ya ce in tana so ya ɗan duba mata, ta ce, "Bari dai na gama, Baba." Ya hango ta a laburare tsakanin kantoci, ta baje mujallu tana kwafar bayani, har ya nufe ta, sai ya ga ko ɗago kai ba ta yi ba, ya juya kamar wani littafi ya zo nema. A taron sashe kuwa ya kawo ƙorafi a kan malaman da ba sa gyara wa ɗalibai aiki da biro, bai kama suna ba, amma kowa ya kalli hular kwanon da ke kan tebur.

Sai wata Asabar da safe, yana zaune a falo da shayinsa, Auta ta fito da takardu a hannu ta tsaya a gefensa.

"Malaminmu ya ce kafin mu miƙa, kowa ya kai wa mai karatun da ya fi wuyar gamsarwa. Ni kuwa nawa a gida yake."

Wato ko wannan ma da izinin Mai Keke. Ya haɗiye, ya karɓa, ya sa tabarau. Ita ta koma kicin wurin uwarta, don ta ce ba za ta iya kallo ba.

Gabatarwar ba laifi. Manazartan a jere suke tsaf, ba inda zai sa biro. Sai ya iso shafi na tsakiya, ya karanta, ya sake karantawa. Auta ta bi fasinjojin labarin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa duk wanda aka ga shigarsa an ga saukarsa, ban da wata tsohuwa mai jaka da ta shiga tun farko ta zauna a kujerar baya. Kwandastan bai sake ambatar ta ba. Don haka, in ji Auta, direban ba gudun ritaya yake ba. Tsohuwar yake kaiwa gida, can bayan tashar ƙarshe, wataƙila ma ya daɗe yana yi, kwandastan kuma yana rufa masa asiri ne. Ta ce ta duba masana, ba wanda ya lura da tsohuwar.

Ya tashi ya ɗauko nasa littafin, wanda gefensa ya yi baƙi da rubutun shekaru. Ga tsohuwar nan ta shiga. Ya bi da yatsa har ƙarshe, ba ta sauka ba. Shekara da shekaru yana hawa motar nan da ɗalibai, bai taɓa waiwayawa kujerar baya ba.

Daɗi ne ya fara kama shi, har idonsa ya ɗan yi ruwa. 'Yarsa ce wannan. Sai kuma ya tuna da muryar nan mai sanyi, a wane shafi ya fara damun ki, daɗin ya tsinke. Ya ga yadda za a yi: Mai Keke zai karanta shafin a taron sashe, a ce kai, yaron nan ya iya koyarwa, har 'yar Ina-Hujja ya farkar. Shi kuma a ce masa me? Uban yarinya.

Auta ta leƙo, tana goge hannu da tawul. "Yaya, Baba?"

"Ba laifi," in ji shi. Fuskarta ta haskaka. Ya juya zuwa shafin tsakiya ya ɗora yatsa. "Amma wannan zato ne. Marubuci na iya manta fasinja. Kin ce da kanki ba masanin da ya faɗa, to ba ki tambayi kanki dalili ba? Ɗan shekarar farko ba ya gina maƙala a kan abin da ba a rubuta ba. Ina hujja?"

Hujjar tana cikin littafin da ke kan cinyarsa, ya dafe shi da hannu. Auta ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta ce, "To, Baba. Na gode," ta tattara takardunta.

Ranar da za a miƙa aiki ta zo ofis. Mai Keke ya karɓa yana murmushi, ya fara juya shafuka, ya kai ƙarshe, ya dawo baya.

"Ina tsohuwar?"

"Na cire ta, Malam. Baba ya duba, ya ce zato ne."

Mai Keke ya ɗago ya dubi Ina-Hujja. Ba raini a kallon, ba fushi, mamaki ne kawai. Ya mayar da idonsa kan Auta ya ce, "Ke fa, me kika gani?"

"Abin da Baba ya gani."

Mai Keke ya yi shirun nan nasa, amma wannan karon ba abin da ya fito. Can ya ce akwai sauran lokaci kafin a tashi, yana da aji, ya ɗauki littattafansa ya fita.

Auta ta matso gaban teburin ubanta ta zauna. "Baba, duba min sauran kafin na miƙa. Duk abin da ka ce na cire, zan cire."

Ga ta a gabansa, ga rubutunta, maganarsa ta kayar da ta kowa. Ya karanta inda shafin yake a da. Ta cike gurbin da tsoron ritaya, da maganganun masana a jere, daidai yadda yake koyarwa, ba kuskure ko ɗaya.

"Auta," ya ce, "wancan shafin, na tsohuwar. Ki mayar da shi mu sake dubawa. Wataƙila na yi gaggawa."

Ta girgiza kai tana ɗan murmushi. "Haba Baba, kada ka fara tausaya min yanzu. Da ka faɗa na koma na karanta, sai na ji kunya. Shirme ne. Ban ma san me ya sa na ɗauka zan hango abin da manya ba su hango ba."

Ta tura takardun gabansa, ta naɗe hannu tana jira.