Layi Uku na Wayar Yaya

Shekara tara muna zaune tebur da tebur, ni da mutumin da duk ofis ke kira Sai-na-gani. Ni na laƙaba masa sunan, kuma wallahi ba don ƙauna ba. Ka kai masa aiki ka ce ka gama, ka yi rantsuwa har ka gaji, zai gyara zaman tabarau ya ce, "To, sai na gani." Haushi ne ya sa na fara kiransa haka, sunan kuwa ya bi shi har bakin mai shara.

Kamfaninmu ƙarami ne, ɗaki uku a saman wani shagon sayar da taya. Aikinmu tura saƙonnin waya a madadin wani babban asibiti: ranar ganin likita, ranar karɓar magani, ranar da aka ɗage ko aka matso da ita. Ni ke rubuta saƙonnin, da ɗan shafin intanet da ke bin su. Shi kuma mai gwaji ne. A kwamfutarsa akwai wata manhaja da ke zana waya a kan allo, waya sak da maɓallanta da komai, sai dai hannu ba ya ɗaukarta. A ciki yake zuba saƙona ya ga yadda zai fito a hannun mutane. Ya danna nan ta zama babbar waya ta shafawa, ya danna can ta koma matsakaiciya. Kala arba'in ne, kuma bawan Allahn nan sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Rigimata da shi a kan ta ƙarshen jerin take. Wata 'yar mitsitsiyar waya ce mai maɓallai, fuskarta ba ta fi akwatin ashana ba, layi uku kacal take nunawa. Shi yana kiranta wayar Yaya. Saƙo ya yi kyau a waya talatin da tara, in bai yi a wayar Yaya ba, to ya dawo teburina. Dokarsa ɗaya ce: rana da lokaci a layin farko, wuri a na biyu, gaisuwa can ƙasa in ta samu gurbi.

"Haba Malam," nakan ce masa, "saƙo babu ko sannu? Sai ka ce sammaci daga kotu!"

"Uwar Sauri, sa ranar a sama."

Haka yake kirana, don ni komai nawa yanzu-yanzu ne. Na sha yin ƙwafa, na sha buga linzamin kwamfuta a tebur. Ko a jikinsa. Ba ya faɗa, ba ya kuma janyewa. Flas ɗin shayinsa guda, kofinsa mai tsagaggen baki guda, rigunansa uku da na haddace. Da azahar ya fitar da abincin da matarsa ta ƙulla masa, ya turo min rabi ko da mun kwana biyu ba ma magana.

Sai a shekara ta huɗu na san dalili. An ɗauke wuta da rana tsaka, janareto ya ƙi tashi, zafi ya koro mu muka zauna a matakala muna shaƙar warin taya. Na ce masa cikin tsokana, "Wai wace Yaya ce wannan da ta hana ni sakat?"

Ya ce yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, da keken ɗinki ta ga bayan karatunsa. Ciwon zuciya ya kama ta, wata bakwai tana jiran a yi mata aiki a asibitin nan da muke wa hidima. Lokacin bai fi wata uku da fara aiki ba. Sai asibiti ya samu wani ƙwararren likita da zai zo na mako guda, aka ce a sanar da masu jira cewa an matso da ranarsu. Aka rubuta saƙo mai ladabi, gaisuwa da fatan alheri a sama, sabuwar rana a ƙasa. Ya gwada a babbar waya, ya fito tsaf. Ya sa hannu aka tura. Bai duba jerin sunaye ba, don ba aikinsa ba ne.

"Da na koma gida," in ji shi, "na tarar da ita a bakin keke tana murmushi. Ta ce, 'Auta, mutanen asibitin nan akwai kirki, har gaisuwa suke aiko min.' Ni kuma na buɗe baki na ce, 'Ai mu ne ke turawa, Yaya.' Ina alfahari. Wayar tana kan keken, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Ban ɗauka na duba ba."

Layi uku ta gani, duka gaisuwa. Ba ta san ana gangarawa ƙasa ba. Ta je a tsohuwar ranarta, bayan mako uku, aka ce likita ya tafi tuni. Wata biyu bayan nan ta rasu tana jiran wani layin.

Ya ci gaba, idonsa a kan takalminsa. Ya ce wayar cikin kwamfuta kullum cajinta cike, sabis ɗinta cike, kuma mai kallonta idonsa garau. Ba ta da tsohuwa mai hazo a ido, ba ta da yatsan da ke tsoron danna maɓalli kada wani abu ya lalace. "Ita manhajar ba ta yi min ƙarya ba," ya ce. "Wayar tana cikin jerin. Ni ne na ga ta yi ƙanƙanta na tsallake."

Daga ranar ban ƙara yi masa gardamar gaisuwa ba. Na kuma gane lambar da yake bugawa kullum a gurbin gwaji, wadda ta ƙare da bakwai, bakwai, huɗu. Lambar Yaya ce. Bai bari layin ya mutu ba, shi da wayar suna aljihunsa.

A shekara ta tara aka kawo mana sabon manaja. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai son a gama da wuri, irina. Ya tara mu ya ce asibiti na ƙorafi saƙonninmu babu ladabi, a maido da gaisuwa sama. Ya ce kuma gwajin waya arba'in ɓata lokaci ne, tunda mutum tara cikin goma babbar waya suke riƙewa. A bar biyar.

Sai-na-gani ya miƙe, abin da ban taɓa ganin ya yi a taro ba. "Ranka ya daɗe, wannan ɗayan da ya rage, tsofaffi ne. Kuma tsofaffi su ne masu zuwa asibiti."

"Mun ji, Malam. Zauna."

Sai-na-gani ya waiwayo ya dube ni. Ni kaɗai na san labarin Yaya a ɗakin nan. Ni da ke faɗa da mai gadi a kan wurin ajiye babur, ni da ba a taɓa ka da ni a magana ba, na sunkuyar da kai ina wasa da biro. Tsoro na ji, sabon manaja ne kuma ina da 'ya'ya. Har gobe in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Dama idon Sai-na-gani ya fara ba shi matsala, sai ya kai hancinsa dab da allo kafin ya karanta. Ba a yi wata uku ba aka ce ya je ya huta. Aka yi ɗan taro, aka ba shi agogon bango, mutumin da ba ya ganin lambobin agogo. Aka haɗa min aikinsa da nawa. Ranar da aka sabunta manhajar, na gangara ƙarshen jerin, babu wayar Yaya.

Bayan shekara ɗaya da rabi, ranar wata Litinin, asibiti ya aiko cewa an matso da aikin ido na mutum tamanin da huɗu daga wata mai zuwa zuwa Alhamis ɗin nan. Na rubuta yadda aka ce, gaisuwa a sama. Na gwada a waya biyar, ya yi kyau abin sha'awa. Aka tura. Sai ranar Laraba da la'asar, ina duba rahoton waɗanda saƙo ya isa gare su, idona ya faɗa kan bakwai, bakwai, huɗu. Ashe lambar Yaya Sai-na-gani ya ba asibiti a matsayin tasa.

Ban ko kashe kwamfuta ba. Na same shi a tsakar gidansa a kan kujerar roba, matarsa na tsince masa zare a riga. Ya rame. Muryata ya gane, ba fuskata ba.

"Uwar Sauri! Yau kuma wa ya taɓo ki?"

"Malam, gobe ne aikin idonka. Gobe da ƙarfe takwas. An matso da shi."

Ya laluba aljihu ya fito da 'yar wayar, duk maɓallanta sun goge. Ya miƙo min. Ya ce matarsa ta karanta masa shekaranjiya, ta ce asibiti ne ke gaishe shi, shi ya ce mata ta gangara ƙasa. "Na san da zancen, ƙanwata. Ni ai na san inda kuke ɓoye rana."

Na duba fuskar wayar. Layi uku, duka gaisuwa, kuma ni na rubuta su.

"Mu nawa ne a jerin?" ya tambaya.

"Tamanin da huɗu."

"Gida nawa kika je?"

Na koma ofis a guje don a sake turawa, na tarar manaja ya tashi, kuma sai da izininsa saƙo ke fita. Na kira shi har sau shida, wayarsa a kashe.

Da safe ni na raka shi asibiti, ni da matarsa. Muka zauna a dogon benci, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Nas ta fito da takarda ta fara kiran suna. Wasu suka amsa. Sai ta kira sunan wata mata, shiru. Ta sake kira, ta ɗaga murya ta kira na uku, sannan ta ja layi da biro ta wuce.

Ya karkato kansa wajena, a hankali yadda matarsa ba za ta ji ba, ya ce, "Tana gida. Ta ga gaisuwa, ta ji daɗi."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi min. Nas ta ci gaba da kira, ni kuma ina ƙirgawa a yatsuna a ƙarƙashin mayafi, hawaye na zuba. Kafin a zo kan sunansa, sau goma sha tara ta ja layin nan.